Faifan da Inna ta ce ba nata ba ne

Daga Allah muke, gare shi kuma kowa zai koma, babba da yaro. Inna, mahaifiyar maigidana, ta koma a ƙarshen damanar bana, ana shirin yankan gero, da hantsi, a ɗakinta na cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, kanta bisa cinyata. Na jima ina son in rubuta wani abu a kanta. Hannuna ba ya sauri, da girmana na yi karatu, sai na ce bari in bi a hankali, yadda ita ma take bin aikinta.

Kafin azahar gida ya cika. Matan unguwa suka fara shigowa, sannan na nesa. Abin da na lura da shi, kusan kowace in ta gama gaisuwa sai ta ambaci faifai. Wata ta ce wanda ke kan ƙwaryar furarta a safiyar nan Inna ce ta saƙa shi, tun tana amarya, ga shi har ta aurar da ƴa bakinsa bai tsinke ba. Wata ta ce ita ba ta taɓa saye ba, Inna ce ta ga murfin kwanonta ya ɓace ta aiko mata. Dattijon da ke kawo mata kaba daga ƙauye ya iso ƙofar gida da daminsa, bai ji labari ba. Da aka faɗa masa sai ya sauke damin ya jingine shi a zaure, ya ce ba zai koma da shi ba, ya nemi ruwa ya yi alwala ya bi sahu.

Tsofaffin matan Gaffati, garin da aka haife ta, suka zo tare cikin mota ɗaya. Ba su ɗaga murya ba. Suka zauna a inuwar ɗakinta suna jan carbi, can sai ɗaya daga cikinsu ta ce, kamar da kanta take magana, yanzu wa zai riƙa gaya musu sun ɓata ƙirga a saƙa. Sauran suka yi murmushi, hawaye na zuba.

Yaya ba ta iso ba sai bayan an dawo daga maƙabarta. Ita ce babbar ƴar Inna, yayar maigidana, aure ya kai ta Damagaram Takaya, wani gari daban mai nisa da mu, tun ban shigo gidan ba. Ta shiga ɗakin ta faɗi bisa tabarmar Inna ta yi kuka har ya ishe ta. Da ta ɗago, idonta ya sauka a kan wani ƙunshi da ke rataye a bango, sama da gado, naɗe cikin farin ƙyalle. Ta share fuska ta ce, a gaban kowa:

"Wancan dai kada wanda ya taɓa. Nawa ne."

Ni kuwa na san faifai ne a cikin ƙyallen, kuma Inna ta riƙe hannuna tana jinya ta ce kada in bari a sa shi cikin gado, ba nata ba ne. Ni matar ƙani ce, ba ni da kaso, ba ni da baki. Daga wannan rana har ranar rabon gado da wannan nauyi nake kwana nake tashi.

Amma bari in fara gaya muku wace ce ita.

Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Rabin rashin maganar kuwa kaba ce ta jawo, don kullum akwai sili ɗaya a bakinta tana jiƙa shi, sai ta gefen baki za ka ji abin da ta ce. Ba ta yabo. In kin yi abu ya yi kyau ƙwarai, iyaka ta ce ba laifi. Maigidana ya ce shi tun yana yaro har ya yi furfura, wannan ba laifi ɗin yake nema, kuma bai samu da yawa ba.

Da aka kawo ni gidan, kunyarta nake ji kamar in nutse. Ba na ci a gabanta, ba na sha. Da na samu cikin fari, yunwa ta riƙa kama ni ba shiri, ga mu tsakar gida ɗaya. Inna ta gane. Sai ta ajiye kwano kusa da ni, ta juya mini baya, ta shiga neman basillarta a cikin rairayi, tana mitar yara sun ɗauke mata. Ba ta samun basillar sai ta ji na rufe kwanon. Shekaru da yawa bayan nan na tuna mata, ta ce ita ba ta san zancen ba, basilla dai ɓata take yi.

Ita ce kuma ta sa na yi karatu. Da aka buɗe makarantar manya a unguwarmu, maigidana ya ce wa zai kula da yara. Inna ta cire kabar daga bakinta, abin da ba ta cika yi ba, ta ce masa ita da yatsa take ƙirga, a bar ni in ƙirga da alƙalamin bik. Ta goyi ƙaramin, ta zaunar da manyan, na tafi. In na dawo sai ta ce in rubuta mata sunanta a ƙasa. Ta duba ta duba, ta ce zanen bai daidaita ba, gefe ɗaya ya fi nauyi.

Saƙar faifai ta gada a Gaffati, wurin gwaggonta. Masu saƙar can suna da al'ada. Duk wadda ta koyi wani zane a hannun wata, faifan farko da ta gama da wannan zane ba nata ba ne, na wadda ta koya mata ne. Kafin ya isa hannunta ba a sayar da shi, ba a rufe abinci da shi, ba a ba wa ƴa. Faifan fari ake ce masa. In kin cire shi kin kai wa mai shi, to sauran da za ki saƙa naki ne, ki yi yadda kika so. Ni ma da ta koya mini na kai mata nawa, wani karkatacce mai kama da kunnen jaki. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa mini albarka, ta riƙa rufe furarta da shi har ya mutu. Baƙi su zo su ga gwanar saƙa da irin wannan faifai su yi ta mamaki, ba ta taɓa yi musu bayani ba.

Maigidana gwanjo yake sayarwa a kasuwa, a gida kuma yake kwance dila ya ware masu kyau da na banza. Wata rana, yau shekaru ke nan da dama, ya jawo wata riga daga cikin dila ya ɗaga yana dariya. Ta mata ce, mai kauri, faɗinta ya fi tsawonta, ba ta da hannu, wuya kawai aka huda a tsakiya. Jikinta duk zane: matakala suna hawa suna sauka, da wata ƙugiya mai kusurwa tana naɗe kanta, ja da rawaya da baƙi da shuɗi. Ya ce wannan ba mai saye a Damagaram, a yi tsumma da ita. Ya jefa ta gefe, ta faɗi kusa da ƙafar Inna.

Inna ta ɗauka ta juya ta bai-bai, don ita ta baya take duban aiki. Ta bi bakin rigar da yatsa, ta jima. Sannan ta ce wannan hannu ne ya yi shi, ba inji ba, kuma mace ce. Maigidana ya ce yaya aka yi ta san mace ce. Ta nuna masa wani wuri da saƙar ta ɗan saki sannan ta sake tsukewa, ta ce ga inda ta tashi ta duba tukunya.

Ranin nan gaba ɗaya a kan rigar ya ƙare. Wahalar ita ce, zanen riga a miƙe yake tafiya, faifai kuwa daga cibiya yake farawa yana buɗewa, kowane zagaye ya fi na bayansa faɗi. In kin bi ƙirgar riga yadda take, matakalar sai ta karkace. Inna ta saƙa ta warware, ta saƙa ta warware, har kabar ta gaji ta tsinke ta ɗauko sabuwa. Ta ƙi galurar kasuwa wajen ja, ta ce jan rigar nan ba na kanti ba ne, ta aika Gaffati aka kawo mata karan dafi ta dafa da kanta. Baƙin kuma a taɓon tafki ta binne kabar har ta rine. Tana aiki tana magana da mai rigar ta gefen baki. Za ka ji ta ce, a'a, baiwar Allah, nan kuma ina za ki kai ni. Ko ta ce, to, na gane ki yanzu.

Ranar da ta ɗaure bakin faifan, duk wanda ke gidan ya zo kallo. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na jin zan sake gani. In ka zuba masa ido sai ka ga kamar matakalar tana juyawa. Maƙwabta suka fara tayawa tun a tsakar gida. Inna ta tashi ta yago farin ƙyalle daga cikin akwatinta, ta naɗe shi, ta sa maigidana ya buga ƙusa ya rataye mata. Ta ce faifan fari ne, na mai riga ne.

Maigidana ya ce, Inna, kayan gwanjo fa an ce na matattu ne. Ta ce wataƙila mai sawa ta mutu, ita mai saƙa take nufi, kuma zaren bai koɗe ba, ba wata daɗewa ya yi ba.

Bayan wannan ta saƙa wasu da zanen, suka shiga gari. Iyayen amare suka riƙa zuwa suna cewa a yi musu zanen Inna, ita kuma tana gyara musu, ta ce zanen baƙuwa dai. Har yau a layinmu in kin ce a saƙa miki baƙuwa, an san abin da kike nufi.

Ba mu san daga ina baƙuwar take ba sai da babbar ƴata ta girma. Sunan Inna aka sa mata, don haka ni ba na kiran sunan, Inna kuwa Takwara take ce mata. Tana karatun malanta ta ɗauki hoton rigar da wayar salula, ta yi ta bincike, ran nan ta dawo da labari. Ta ce saƙar mutanen Maya ce, can bayan teku, wajen ƙasashen Gwatamala da Meksik. Kakanninsu sun gina manyan gine-gine na dutse masu matakala tun Turawa ba su san da ƙasar ba, su da wasu da ake kira Aztek, kuma jikokinsu suna nan har yanzu, matansu suna saƙa. Ta nuna wa Inna wata tsohuwa a cikin salular, tana durƙushe a ƙasa, ta ɗaure kan zarenta a jikin itace, ɗaya kan kuma a ƙugunta, tana saƙa.

Inna ta karɓi salular da hannu biyu. Ta ce a maimaita, aka maimaita, ta ce a sake. Ta ce ba ita ba ce, wannan hannunta ya fi sauri, amma ƴar garinsu ce. Ta tambaya ko suna da gero, Takwara ta ce masara suke ci. Inna ta ce Allah Sarki, ga niƙan masara ga saƙa, dole ta riƙa tashi duba tukunya. Ta tambaya ko mota tana zuwa. Takwara ta ce sai jirgi, kuma ko an je, garuruwan da yawa, masu saƙar ba iyaka. Inna ta ce to, Allah ya san gidanta.

A ranar ne kuma ta ga hoton wani babban dutse na mutanen Aztek, zagayayye, an sassaƙa shi zobe cikin zobe. Ta ce wannan ai faifai ne, sai dai mai shi ya fi ta ƙarfin hannu. Ta ɗauki zobban da tsinayen da ke kewaye ta saƙa, amma fuskar da ke tsakiya ta bar ta, ta cike wurin da ja zalla. Ta ce ba ta saƙa abin da zai kalle ta tana cin tuwo. Da ta ji cewa wanda ya sassaƙa dutsen ya mutu tun zamanin da ba a tunawa, sai ta ɗauki faifan farin wannan zane ta kai wa wata makauniya a bayan layinmu, ta ce mai shi ba ya nan, sadaka ce.

Kawu, ƙanenta, malami ne a nan Birni. Da ya ji haka ya zo ya zauna, ya ce wa Inna, mutanen nan an ce rana suke bauta wa a da, ina ke ina zanensu. Ta ce ita ba ta ɗauko abin bautar kowa ba, matakala ta ɗauko, kuma a masallaci ma akwai matakala. Ya ce to, wancan na bango ma ta yi sadaka da shi mana kamar yadda ta yi da wannan, ta huta. Ta ce sadaka ana yi wa wanda aka fid da rai da shi, ita ba ta fid da rai ba. Kawu ya kawo hujja, ta saurara har ya gama, ta miƙa masa goro. Ya fita yana cewa tun suna yara bai taɓa cin ta a gardama ba, don ba ta yi.

Wanda abin ya fi taɓawa ita ce Yaya. Da za ta aurar da ƴarta ta fari, ta zo tun daga Damagaram Takaya ta ce tana son faifan nan a tsakiyar jeren amarya, duk garin su san jikar wa ce. Inna ta ce za ta saƙa mata sabo, mai zanen iri ɗaya, har ya fi girma. Yaya ta ce ba sabo take so ba, wancan take so. Ina bakin murhu ina ji, ban ɗaga kai ba.

"Inna, matar da ba ki taɓa gani ba, ta fi jikarki?"

"Ba fi ba ne," in ji Inna. "Nata ne."

Yaya ta ɗauki mayafinta ta fita, ko abincin da na zuba mata ba ta taɓa ba. Sallar shekarar nan ba ta zo ba. Inna ba ta yi zancen da kowa ba, sai dai na ga tana daka kuka tana ƙulla daddawa tana ajiyewa, duk wanda ta ji zai bi ta can sai ta ba shi ya kai. Daga baya suka shirya, kamar yadda uwa da ƴa suke shiryawa, ba wanda ya ba wani haƙuri. Amma Yaya in ta shiga ɗakin ba ta duban wannan bango, har ranar da ta zo ba ta tarar da ita ba.

Ni ban ga laifin Yaya ba, har ga Allah. Ita kaɗai ce ƴa mace, aure ya ɗauke ta da wuri, ba ta samu zama da uwarta yadda ni bare na samu ba. Abin da take nema a jikin faifan nan na san shi.

Ciwon Inna daga hannu ya fara. Yatsun suka ƙi riƙe basilla, sai ta riƙa zama da kaba a baki ba ta saƙa komai. Aka kai ta asibiti, aka dawo da magani, jiki dai yana ta ja baya. Wata rana da la'asar ina shafa mata man zafi a wuyan hannu, ta kama nawa hannun ta ɗaga ido sama wajen ƙunshin. Ta ce ta san ɗanta, ba ya iya musu da yayarsa, ƙanenta kuma mantuwa ta fara kama shi. Ta ce ni take gaya wa, kada in bari a sa shi cikin gado, kada ta je can a tambaye ta kayan mutane. Na ce Inna, ni wace ce da zan yi magana a wurin. Ta ce ai shi ya sa ta sa ni karatu, don baki ya buɗe. Wannan ce kaɗai ranar da ta taɓa yi mini gorin abin da ta yi mini.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a tsakar gida. Tun kafin ranar na gaya wa maigidana, ya ce in rufa masa asiri, Yaya ce, in bar ta ta ɗauka, wace baƙuwa ce za ta zo Birni neman faifai. Ni ma na san ba lalle ta zo ba. Amma ba abin da aka tambaye ni ke nan ba.

Kawu ne ya zauna a kan tabarma don ya raba. Kayan ba su da yawa: zannuwa, kwanuka, ɗan abin wuya, da tumakin da ke Gaffati wurin dangi. Ya ce a fito da duk abin da ke ɗakin. Yaya ta shiga ta hau gado ta sauko da ƙunshin, ta ajiye a gefenta, ta ce a lissafa shi cikin kasonta ko da zai cinye kason duka. Ni ina kawo ruwa. Na ajiye kwanon, na durƙusa a bakin tabarma. Na ce Kawu, a gafarce ni, Inna ta ce wannan ba nata ba ne, kada a sa shi cikin gado.

Maigidana ya sunkuyar da kai. Yaya ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Tun yaushe matar ƙani take da baki a gadon gidanmu?"

"Ba ni da shi, Yaya. Saƙo ne aka ba ni."

Ta ce saƙon da ba wanda ya ji sai ni. Ta ce dama na daɗe ina zaune a gindin tsohuwa, yanzu an ga dalili, so nake ya zauna a gidana. Maganar ta yi mini zafi, amma na bar ta ta wuce, don na san ba da ni take ba.

Kawu ya shafa gemu. Sannan ya ce shi ma ya ji, ba sau ɗaya ba, da lafiyarta da hankalinta, har ya yi gardama da ita a kai bai ci ba. Ya ce abin da mamaci ya furta da bakinsa cewa ba nasa ba ne, ba a raba shi, in aka raba an ɗora masa nauyi a inda ba zai iya saukewa ba. Ya ce shi ba ya ganin mai shi za ta zo, amma wannan ba hurumin mai rabo ba ne. Ya miƙa hannu ya janye ƙunshin daga cikin kayan, ya ajiye shi shi kaɗai a gefe.

Yaya ta fashe da kuka. Ta ce to a bar wa gara ta ci. Ta tashi ta shige ɗaki, aka ƙarasa rabon ba ta nan. Ranar ba ta yi mini magana ba, abincin dare ma Takwara ce ta kai mata.

Washegari da safe za ta koma. An riga an kira mai kabu-kabu zai kai ta tasha. Ina sharar ɗakin Inna sai na ji inuwa a ƙofa. Ta tsaya da jakarta a hannu, ba ta gaishe ni ba, ta ce in kwance mata shi ta gani ko sau ɗaya da kyau, tunda ba a taɓa bari ta riƙe ba.

Na kwance ƙyallen na miƙa mata. Ta fita da shi bakin ƙofa wurin haske. Yaya ba ta saƙa, amma ƴar masu saƙa ce, idonta ya san aiki. Ta bi matakalar da yatsa tana zagayawa, sai yatsan ya tsaya wajen baki. Ta koma baya ta sake bi. Ta ce nan an ɓata, hawa ɗaya ya gajarta, Inna kuwa ba ta ɓata ƙirga.

Na buɗe akwati na ɗauko rigar, na shimfiɗa ta bisa gado, na nuna mata can ƙasa wajen gefen hagu. Hawa ɗaya a gajarce, daidai irin wancan. Na ce mata ni ma na tambaya a lokacin, don na ga ta kai wurin ta tsaya, ta daɗe, sannan ta bi shi yadda yake. Inna ta ce mini kuskuren mai riga ne, kuma ba za ta gyara mata a faifanta ba, don in ta zo ta gane hannunta.

Yaya ta zauna a bakin gado, faifan bisa cinyarta, rigar a gefenta. Ta daɗe tana duban wannan ta dubi wancan. Mai kabu-kabu yana ta danna oda a waje.

Na ce Yaya, Inna cewa ta yi kada a sa shi cikin gado, ba ta ce a ɗakina zai zauna ba. Ni saƙo aka ba ni, na isar. Ajiyar uwa kuwa ƴa ce ta fi cancanta ta riƙe, in za ki iya.

Ba ta dube ni ba. Ta ce ba a sayarwa, na ce e. Ta ce ba a rufe abinci da shi, ba a ba wa ƴa. Na ce haka ne. Ta ce ko jika ta yi kuka. Na ce ko ta yi. Ta ɗauki ƙyallen ta naɗe shi da kanta, a hankali, ta ƙulle bakin, ta miƙe. Har ta kai ƙofa sai ta juyo ta miƙo hannu.

"Ba ni rigar ma. In ta zo, da me za a gwada?"

Na ninke na ba ta.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka ba ta riƙe da kayan kowa. Ka yalwata mata makwanci, ka haskaka shi, ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Baƙuwar nan kuma, kai ka san gidanta, in tana raye ka sanyaya mata hannu. Mu da muka rage, ka ba mu ikon riƙe abin da aka bar mana. Amin.